Sunan Yankan Ɗelu

Idan aka ce in faɗi mutumin da na fi ƙauna a Kuala Lumpur, kuma wanda ya fi kowa ƙona mini rai, ba sai na yi dogon tunani ba: Inno ce. Sunanta Turai, matar Dakta Sharfaddeen da ke koyarwa a wata jami'a a nan, amma in ban da mijinta ban san mai kiranta da wani suna da ya wuce Inno ba. Shekara goma sha uku ta yi a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Taman Melati. Ni kuma Walida, ina hawa na takwas, daidai ƙarƙashinta, tun da na biyo mijina Kabir da ya zo digirinsa na uku. Ta girme ni da kusan shekara ashirin. Turancinta bai wuce na gaisuwa ba, yaren Malay ɗin kuwa na cefane ne kawai, boleh, wato za a iya, da tapau, wato a ƙunsa mini in tafi da shi, da nawa ne. Shi ya sa duk inda za ta je ake buƙatar baki, ni ce bakin.

Sana'arta ƙunshi. Ba irin zanen da ake matsowa daga leda a kasuwar Jalan Masjid India ba, wanda kafin sati ya kewayo ya goge. Jan lalle ne na gida, wanda take cusawa a jakar duk wanda ya je hutu zai dawo, ko ya so ko bai so ba. Za ta manna salatif a kan faranti, ta yayyanka shi da reza, ta liƙa miki a ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta shafe da lalle, ta ɗaure da leda, ki zauna awa biyar ko shida ba motsi. Ana gobe sallah, falonta ba wurin sa ƙafa. 'Yan matanmu na kwalejojin kuɗi a baje a ƙasa, ƙafafu a leda, kowa da wayarta, ga tuwo da miyar kuka suna zagayawa.

Ba lallen kaɗai ke kawo su ba. Inno ba ta tambaya. A cikin yaran nan akwai wadda ta bar makaranta shekara guda iyayenta ba su sani ba, akwai wadda bizarta ta ƙare tana ɓuya, akwai mai saurayin da ba wanda ya san sana'arsa. A gidajen sauran matan aure, kafin yarinya ta kurɓi ruwa an tambaye ta garinsu da ubanta da shekarar da za ta gama. A gidan Inno kuwa, ki zo, ki ci, ki yi barci in kin ga dama, ki tafi. Takan ce ƙafa aka kawo mata, ba tarihi ba. Ni ma da bakina na sha yabon wannan hali nata a gaban mutane, Allah Ya yafe mini.

Ɗelu sau uku ta zo, duk a shekarar da ta gabaci korona. Ba ta kira a waya kafin ta zo, sai dai a ji ƙwanƙwasa. Ni sau ɗaya na gan ta, zuwanta na ƙarshe, saura kwana biyu babbar sallah. Doguwa ce siririya, baƙa, mai wushirya, da ɗan ƙaramin hijabi irin na matan Malay da safa a ƙafa. Da ta cire safar na ga tabon ƙuna a ƙwaurinta na dama, ɗan sama da idon sawu, irin wanda salansar babur ke yi wa mutum. Inno ba ta ce mata komai a kai ba. Sai ta yanka salatif ɗin ta kewaye tabon da ganyayyaki, har ya koma kamar tsakiyar fure. Yarinyar ta yi ta kallon wurin tana murmushi.

Ni da bakina ba ya zama wuri ɗaya, na tsokane ta na ce tunda Ɗelu ce, maza nawa ta biyo? Ta yi dariya ta ce huɗu, duk ƙattai, duk masu faɗa. Zan ƙara wata tambayar Inno ta galla mini harara, na ja bakina na yi shiru. Hausarta ta wajen gabas ce, Jigawa ko Yobe, ban tantance ba. Iyakar abin da muka sani ke nan a kan yarinyar da ta yi wuni uku da ƙafarta a cinyar Inno.

Sati uku bayan sallah gari ya ɗauka cewa 'yan sanda sun kama wani direban motar haya. Ashe shekara biyu yana ɗaukar mata baƙi, musamman waɗanda takardunsu ba su cika ba, don ya san ba mai kai rahoton ɓatansu. Gawa huɗu aka samu a wurare dabam-dabam a bayan gari. An gane uku, biyu 'yan aikin gida ne, ɗaya tana aiki a wani gidan abinci. Ta huɗun baƙar fata ce, kuma mutumin bai bar fuskarta da hannayenta yadda za a gane ba. Abin da ya rage shi ne ƙafa, don safa ta rufe ta. Sai 'yan sanda suka fitar da hoton ƙafar, ko wani zai gane zanen.

A zauren wasaf na matan unguwa na ga hoton. Ban jira lif ba, na hau matakala da gudu, na tarar da Inno tana tankaɗen lalle, na miƙa mata wayar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye rariyar a hankali ta ce, "Hannuna ne, Walida. Ɗelu ce."

Dakta ba mugun mutum ba ne, amma aikinsa na kwantiragi ne da ake sabuntawa duk shekara, kuma tsoron hukuma ya yi masa yawa. Ya yi ta lallaɓa ta cewa mu baƙi ne, sunan 'yan Najeriya dama ba shi da kyau a ƙasar nan, me zai kai ta ofishin 'yan sanda a kan maganar kisan kai? Matan zauren kuwa ba a magana. Wata ta rubuta cewa ai irin waɗannan yaran su suke jawo wa kansu, wata ta ce a dai yi addu'a a rufa asiri. Asirin wa? Yarinya tana kwance a firjin asibiti ba suna, su kuma asiri suke rufawa! Inno ba ta yi musu da kowa ba. Ta sa hijabinta, ta ɗauki jaka, ta zauna a kujerar bakin ƙofa tun hantsi, ba ta fita ba, ba ta kuma koma ciki ba. Da azahar Dakta ya gaji ya ce ta je, amma da ni.

Wadda ke riƙe da binciken wata mace ce, Insifekta Rauda, da Inno ta mayar Raudatu tun ranar farko. Da farko kallon mahaukata ta yi mana. Sai Inno ta zaro salatif da reza daga jaka, ta nemi faranti, a gabanta ta yanka zanen nan sak, har da ganyen da ya karkace don ya kauce wa tabon. Raudatu ta jera shi kusa da hoton, ta miƙe tsaye don murna, ta kira abokan aikinta su gani. Sannan ta zauna, ta ɗauki biro, ta tambayi suna.

Inno ta ce Ɗelu. Aka ce Ɗelu wa? Shiru. Wace makaranta? Shiru. Ina take zaune, lambar wayarta, ƙawarta ko ɗaya? Inno ta sunkuyar da kai. Ni ce na sha wahalar bayani da Turanci cewa Ɗelu ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne na macen da ta biyo maza, ba a rubuta shi a fasfo, kuma mutum yana iya tsufa a unguwa ba a san ainihin sunansa ba. Duk da haka Raudatu ta buga a kwamfuta. Ba wata Ɗelu da ta taɓa shigowa Malesiya. Ta ajiye biron ta dubi Inno, ta tambaya cikin ladabi yadda mutum zai ciyar da yarinya sau uku a gidansa bai san sunanta ba. Na fassara wa Inno tambayar kamar yadda take, ban rage komai ba, don ni ma ita ce tambayata.

Kafin mu tashi Raudatu ta faɗa mana yadda abin yake. Gawar za ta zauna a ajiye har a gama shari'a. In dangi sun bayyana, aka gwada jini ya dace, za a rubuta sunanta a ba su ita. In ba su bayyana ba, hukuma za ta binne ta da lamba. Muka hau jirgin ƙasa muna dawowa, har muka wuce tasha huɗu. Sannan Inno ta ce, "Akwai wata mata a gida tana zaune tana jiran wayar yarinyar nan. Ni zan nemo ta."

Haka muka shiga nema. Kwaleji bakwai na je da ƙafata, kowacce ta ce ba ta ba da bayanin ɗalibai sai da takardar hukuma, in takardar ta zo kuma sai su ce ai ba suna a cikinta. Ɗaliban da suka taɓa ganinta a falon Inno su ma Ɗelu suka sani, kowacce ta ɗauka ƙawar wata ce. Inno ta naɗi muryarta a waya, ta faɗi kamanninta da tabon da yayye huɗu, ta sa lambarta, muka tura gida ta hannun duk wanda muka sani. Saƙon ya yi yawo, har ya dawo mana an ƙara masa kiɗan tausayi da hoton wata yarinya dabam. Gida uku suka kira a shekarar farko. Biyu ba ita ba ce, na ukun ma ɗansu namiji suke nema, suka ce ko za mu duba musu tunda muna nan.

Abin da ya fi ba ni haushi da dariya a lokaci guda shi ne yadda Inno ta juye gaba ɗaya. Ta sayi littafi mai bango ja. Duk yarinyar da ta zo ƙunshi, kafin ta cire takalmi sai ta faɗi sunan yanka, da na uba, da gari, da unguwa, da lambar uwarta. Wadda ta yi gardama, Inno ta ce ta nuna fasfo. To, yaran da dama rashin tambaya ke kawo su, me kike tsammani? Suka watse. Wata mai ido a tsakar ka ta rubuta mata sunan wata 'yar fim ta tafi. Aka fara raɗe-raɗin cewa Inno ta zama 'yar rahoton 'yan sanda. Sallar da ta biyo baya mutum uku ne a falon nan, biyu kuma mu matan aure ne. Na ce mata ta sassauta, yanzu kuma ta wuce gona da iri. Ta ce gara falon ya bushe da a sake kawo mata hoton ƙafa.

Shari'ar kuwa, hmm. Korona ta zo ta cinye kusan shekara biyu. Da aka buɗe, yau lauyan mutumin ba shi da lafiya, gobe an canja alƙali, jibi likitan da zai ba da shaida yana taro a wata ƙasa. Sau takwas muna shiryawa tun da sassafe, mu hau jirgi mu sauka mu hau mota, mu zauna a benci har ƙafa ta kumbura, a fito a ce an ɗage. Mutumin da kansa na gan shi sau da yawa ana wucewa da shi. Wallahi da a layin mamak, rumfar shayin nan garin, kika gan shi yana jiran shayi, ba za ki kalle shi sau biyu ba. Ɗan gajere ne mai tabarau, har gaishe da masu gadi yake yi. Na so ya yi kama da abin da ya aikata, ko zuciyata ta samu abin kamawa.

A zuwa na tara aka kira Inno. Ta yi bayani tiryan-tiryan, ta faɗi ranar da ta ɗaura lallen, ta kuma nuna a hoton cewa farcen babban yatsa ja ne har gindinsa, ko layin fari bai fito ba, wato yarinyar ba ta yi sati biyu a duniya bayan ƙunshin ba. Na ga alƙalin yana rubutawa. Sai lauyan mutumin ya miƙe, yana wani murmushi, ya tambaye ta sunan marigayiyar. Ta ce Ɗelu. Ya tambayi cikakken suna. Ta ce ba ta sani ba. Ya juya ya dubi alƙali ya ce ga shaida nan da ta san ƙafa amma ba ta san mai ƙafar ba. Har da masu dariya a bayanmu. Na ji kamar in cire takalmina in jefe shi, amma gaskiya abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne.

Aka same shi da laifin kashe mata uku. Ta huɗun aka ce ba hujja, tunda ba a san wace ce ba, ba a san lambar wayarta ba, balle a nuna ta taɓa kiran motarsa. A takardar hukuncin ma mace ta huɗu aka rubuta. Dangin sauran ukun suna rungume juna a harabar kotu suna kuka, mu kuma muka tsaya kamar waɗanda suka zo bikin da ba a gayyace su ba. Raudatu ta same mu a wurin ta ce ta roƙa an ƙara mana wata biyu kafin a binne ta. Inno ta sake naɗar murya, wannan karon tana kuka, muka sake turawa gida.

Saura kwana goma sha ɗaya wa'adin ya cika, ranar wata Litinin bayan la'asar, ina falonta muna gyaran zogale, wayarta ta yi ƙara. Lambar Najeriya ce, can safiya ce a lokacin. Inno ta sa a sifika. Muryar wata dattijuwa ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana daga bayan ƙofa. Ta ce jiya wata maƙwabciya ta kunna mata saƙon. Ta ce tana da 'ya Ɗelu, mai wushirya, mai yayye huɗu maza, kuma tabon nan babur ɗin babban yayanta ne ya ƙona ta tana shekara tara. An tura ta karatu, daga baya suka ji ta bar makarantar. Maganarsu ta ƙarshe ranar babbar sallah ce, ta kira ta bidiyo tana nuna mata ƙafa tana cewa Inna dubi ƙunshina. Tun daga nan shiru. Mahaifinta da yayyenta sun faɗa wa gari cewa ta auri wani Balarabe ta bi shi, kuma sun hana a ƙara ambatonta a gidan.

Na fizgo jan littafin nan da biro, ina yi wa Inno nuni da baki: suna, suna! Inno ta yi mata ta'aziyya tukuna, doguwa, irin ta manya, ni kuwa kamar in yi fitsari a zaune. Sannan ta ce, "Hajiya, mene ne sunanta na yanka?"

Matar ta yi shiru. Can ta ce, "Sunan mahaifiyar maigidan aka mayar mata. Ni ban taɓa..." Ta kasa ƙarasawa.

Wallahi da Inno ta ƙara minti ɗaya tana jira, da matar nan ta faɗa. Na ji shi a numfashinta. Amma sai na ji Inno, da muryarta mai sanyi, tana cewa, "Ayya, na gane. Kada ki matsa wa kanki. Kira ɗaya daga cikin yaran ya faɗa mini."

Na daki cinyata, na girgiza mata kai, ina! Matar ta riga ta tashi. Muka ji takunta, muka ji tana kiran wani Babba. Sai muryar namiji, mai kauri, yana tambayar wace ce. Inno ta fara bayani bai bari ta kai ƙarshe ba. Ya ce su ba su da 'yar da ta ɓata, ƙanwarsa tana ɗakin mijinta lafiya lau, kuma kada a ƙara kiran tsohuwa ana tayar mata da hankali. Ƙit, ya kashe. Muka kira, a kashe. Muka kira da wayata, da ta Kabir, da ta Dakta, a kashe.

Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar. Na ce mata shekara huɗu muna yawo a rana da ruwan sama, an yi mana dariya a kotu, ta kori duk masu zuwa gidanta saboda suna, yau sunan ya zo har bakin ƙofa ta ce ya koma? Na ce karar da ta hana ta tambayar yarinyar tana raye ita ce ta sake hana ta yau, kuma wannan ba kirki ba ne, cuta ce. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba zan maimaita ba. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce, "Shekara talatin da ɗaya ban faɗi sunan surukata uwar Malam ba, Walida. Da ta yi shirun nan, a bakina na ji nauyin. Kafin in yi tunani magana ta fita." Ta ɗauki tiren zogalen ta shige kicin, na daɗe ina jin famfo yana zuba ba abin da ake wankewa.

Mun kai wa Raudatu lambar. Ta rubuta takarda zuwa gida ta hanyar da doka ta ce, ta kuma faɗa mana gaskiya cewa irin wannan takarda takan yi shekara ba amsa, kuma ko an samu gidan ba mai tilasta musu ba da jini. Wani ɗalibi ya duba mana lambar a manhajar da ke nuna sunan mai waya, abin da ya fito shi ne "Gida 2". Kwana goma sha ɗayan suka cika.

Alfarma ɗaya Raudatu ta samo mana, aka bar Inno ta shiga cikin matan masallaci masu wankan gawa. Ni ma na shiga don fassara, ko da yake ba wanda ya yi magana. Bayan shekara huɗu a sanyi ba wani wanka sosai, ruwa kawai aka kwarara a hankali. Da aka zo ƙafa, matan Malay ɗin suka matsa suka ba Inno wuri. Lallen yana nan. Ya yi duhu, amma ganyayyakin suna nan kewaye da tabon, farcen ja har gindi kamar yadda ta faɗa wa alƙali. Inno ta riƙe ƙafar da hannu biyu yadda takan riƙe in za ta liƙa salatif, har sai da babbar cikinsu ta taɓa kafaɗarta. Aka binne ta da hantsi a wata maƙabarta a bayan gari. A kan alamar kabarin lamba ce da shekara.

Sati uku bayan haka, Inno ta sauko hawa na takwas ba ko takalmi, ta miƙo mini waya. Saƙon murya ne daga wata lambar da ba mu sani ba, daƙiƙa huɗu. Muryar dattijuwar nan ce. Ta ja numfashi, sannan da sauri, kamar mai taɓa tukunya mai zafi, ta ce, "Aminatu." Shi ke nan. Ba sunan uba, ba gari. Muka kira nan take, lambar a kashe.

Inno ta zauna a ƙasan falona tana ta maimaita saƙon, tana cewa ta faɗa, baiwar Allah ta faɗa. Ni kuwa haushi ne ya sake turnuƙe ni. Ga mata ta karya abin da ta riƙe tun tana amarya, ta ari wayar wani a ɓoye, amma ta yi latti da sati uku, kuma rabin suna ta bayar. Raudatu, da a lokacin har an mayar da ita wata jiha, ta sa aka duba mana. Amina da Aminatu 'yan Najeriya da suka shigo a waɗannan shekarun ba a ga fitarsu ba, su goma sha huɗu ne. Ta ce ba za a canja lambar kabari ba sai da jinin dangi, fayil ɗin kuma an rufe.

A ƙarshen shekarar ba a sabunta wa Dakta kwantiragi ba. Ba wanda ya ce saboda shari'ar ne, shi ma bai taɓa faɗa ba, amma matan zauren sun faɗa a madadinsa. Ranar da za su tafi Inno ta ba ni rariyarta da sauran lalle da jan littafin. A shafin farko, wanda ta daɗe da bari fari, ta sa na rubuta Aminatu, da Ɗelu a gefe. Layin uba da na gari da na lambar uwa ta ce in bar su a buɗe.

Yanzu tana Kano, a Rijiyar Zaki. Mace mai ciwon gwiwa, amma na ji duk bikin da aka kira ta ƙunshin amarya a Gumel ko Haɗeja ko Nguru ba ta ƙi, ko motar haya ce za ta shiga. Tana liƙa salatif tana tambayar mata ko sun san wani gida mai 'ya'ya maza huɗu da mace ɗaya da aka ce ta auri Balarabe. An ce har sun fara yi mata laƙabi da Inno mai tambaya. Da na ji na yi tsaki, na ce yanzu da ba shi da amfani, sannan na shiga banɗaki na yi kuka.

Ni kuma aikin da ta bar mini shi ne lambobin nan biyu. Duk Juma'a bayan la'asar, lokacin da na san can maza sun fita, nakan kira su ɗaya bayan ɗaya. Kabir ya ce in haƙura, na ce ya bar ni. Wata goma sha huɗu ke nan kullum a kashe. Juma'ar da ta wuce ta farkon ta shiga. Ta yi ƙara sau biyu, aka ɗauka, na ji kukan akuya da ƙarar turmi daga nesa. Na ce, "Inna, Walida ce daga Malesiya, sunan babanta kawai za ki faɗa mini." Na ji numfashi, na ji takun mutum yana matsowa, sai aka kashe.